Baƙin sama ba dare ba ne: me 'yan sama jannati ke gani idan suka ɗaga kai?

Duk wanda ya taɓa kallon hotunan da 'yan sama jannatin Amurka suka ɗauko a duniyar wata tsakanin 1969 da 1972 zai lura da abu guda. Ga mutum cikin fararen kaya, ga ƙasa mai launin toka, ga tuta, ga sawun takalmi, amma sama baƙi ƙirin, ko ɗigon tauraro ɗaya babu. Haka ma hotunan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da ake watsawa yau: tashar na ƙyalli, duniya shuɗiya a ƙarƙashinta, bayan nan sai duhu zalla. Daga nan gardama ke tashi. Wasu su ce ai ga shaida nan, a ɗakin shirya fim aka yi komai, masu shirin ne suka manta da taurari. Wasu su ce tauraro ba ya ganuwa sai ta cikin iska, wanda ya fita daga iskar duniya ya yi sallama da shi. Akwai kuma masu cewa can sama taurari sun ninka na ƙasa haske nesa ba kusa ba, dare da rana suna nan birjik.

Duka ukun sun kauce hanya. 'Yan sama jannati na ganin taurari da idonsu, suna ganinsu sosai ma, amma ba kowane lokaci ba. Abin da ke hana su gani idan sun kasa kuwa ba rashin iska ba ne, yawan haske ne.

Tushen ruɗanin yana cikin abin da muka taso da shi. A doron ƙasa, sama shuɗiya na nufin rana, baƙar sama na nufin dare, kuma ba mu taɓa ganin an saɓa wannan ba. Amma shuɗin nan ba na sama ba ne, na iska ne. Hasken rana idan ya ratsa iskar da ta lulluɓe duniya, ƙwayoyin iskar kan tarwatsa shi ta kowace fuska, kuma shuɗin da ke cikinsa ya fi jan tarwatsuwa. Baturen Ingila Lord Rayleigh ne ya fito da lissafin haka tun 1871. Wato da rana iskar kanta ke haske, ta zama labule mai haske tsakaninmu da taurari. Suna nan inda suke, labulen ne ya fi su. Idan mutum ya haura inda babu iska, babu abin da zai tarwatsa hasken, sai sama ta zauna baƙa ko da rana na tsaye a ka tana ƙuna. Baƙin saman da ke cikin hotunan wata, saman hantsi ne. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin aikin.

Sauran rabin yana cikin ido.

Tazarar da ke tsakanin hasken rana da na tauraro ta wuce yadda hankali ke zato. Rana ta fi cikakken farin wata haske kusan sau 400,000. Tauraron da ya fi kowane haske a saman dare shi ne Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi, kuma rana ta fi shi haske fiye da sau biliyan 10. Idon ɗan'adam na iya aiki a duka ɓangarorin biyu, a tsakar rana da kuma a daren da babu wata, wannan kaɗai abin al'ajabi ne. Abin da ba ya iyawa shi ne haɗa su a lokaci guda. Baƙin tsakiyar ido, ƙofar da haske ke shiga, kan tsuke zuwa kamar milimita 2 a cikin haske, ya buɗe zuwa 7 ko 8 a duhu, kuma yana yin haka cikin daƙiƙoƙi. Amma wannan ƙaramin gyara ne. Babban aikin yana can bangon bayan ido, inda ƙwayoyin gani iri biyu suke. Iri ɗaya na aikin rana da tantance launi. Ɗaya irin na aikin dare ne, yana dogara da wani sinadari da haske mai ƙarfi ke wankewa, sai an zauna a duhu yake sake taruwa sannu a hankali. Kafin ya taru sosai akan ɗauki minti 20 zuwa 30. Rushe shi kuwa ba ya buƙatar komai, kallo ɗaya ga abu mai haske ya isa a koma farko.

Kowa ya san wannan ko da bai san sunansa ba. Mutum na zaune a teburin mai shayi da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki, ya ɗaga kai, ba zai ga komai a sama ba sai baƙi, wataƙila tauraro ɗaya ko biyu. A ɗauke wuta unguwar ta yi duhu, da farko ko kofinsa ba ya gani, amma bayan ɗan lokaci sai sama ta cika. Ba wanda zai ce ɗauke wutar ne ya haifi taurarin. Ɗan sama jannatin da ke tsaye a kan wata yana ƙarƙashin fitilar da ta fi wannan ƙwai ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma babu mai kashe masa ita.

Hausawa na cewa idan rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta. A doron ƙasa haka ne, domin ko ka rufe ƙwallon ranar, iskar da ke kewaye da hannunka na ci gaba da haske. A sararin samaniya kuwa, a ƙa'ida, tafin hannu na iya kare ta, tunda babu iska. Matsalar ita ce ba rana kaɗai ce ke haske ba. Safar hannun da ka ɗaga fara ce tas, tana sheƙi. Kayan abokinka farare ne. Jikin kumbon na walƙiya. Ƙasar wata, duk da cewa baƙa-baƙa ce, kusan kashi 12 cikin 100 kacal na hasken da ya sauka a kanta take mayarwa, ta shimfiɗu ta kowace fuska har iya ganinka. Duniyarmu kuwa da gajimarenta da ƙanƙararta tana mayar da kusan kashi 30. Ga gilashin hular, wanda ƙura da ƙarce ke sa shi tarwatsa haske kamar yadda iska ke yi. Kan wannan kuma akwai murfin da aka shafa wa ruwan zinariya, wanda suke saukewa a fuska don kada rana ta lalata musu ido. Mutum sanye da gilashin kare rana, a tsakiyar fili, da hantsi, ana tambayarsa ina taurari.

Kuma hantsin ba haɗari ba ne, zaɓi ne. Duk saukar da aka yi a wata sau shida an tsara ta ne ta dace da safiyar wurin, lokacin da rana ke ƙasa-ƙasa, domin dogayen inuwoyi su nuna wa matuƙi ramuka da duwatsu, kuma zafi bai kai intaha ba. Yini ɗaya a duniyar wata ya kai kusan mako biyu na duniyarmu. Waɗanda suka fi kowa daɗewa a can, Eugene Cernan da Harrison Schmitt na Apollo 17 (Apollo shi ne sunan shirin Amurka na kai mutum wata) a Disamban 1972, kwana uku suka yi. Cikin mutum 12 da suka taka wata, babu wanda ya ga faɗuwar rana a can, balle dare.

Yanzu sai maganar da masu shakka suka fi riƙewa. Ranar 12 ga Agustan 1969, bayan sun fito daga killacewa, mutanen Apollo 11 sun zauna gaban 'yan jarida a Houston. Patrick Moore, sanannen mai shirin ilimin taurari a talabijin na BBC, ya tambaye su ko sun iya ganin taurari duk da ƙarfin haske. Neil Armstrong ya amsa cewa daga kan wata, ko a ɓangaren wata da rana ke haskawa, ba su taɓa iya ganin taurari da ido ba sai sun leƙa ta na'urar hange. Ya ƙara da cewa ba ya tuna waɗanne taurari suka gani lokacin da suke ɗaukar hoton rawanin hasken da ke kewaye da rana. Michael Collins ya sa baki ya ce shi bai tuna ya ga ko ɗaya ba. Wannan guntun bidiyon ya zaga duniya, ana yanke shi daidai kan maganar Collins, a ce to kun ji daga bakinsu.

Mun ji, amma a saurari abin da aka faɗa. Armstrong ya kafa sharaɗi da bakinsa: daga kan wata, ko a ɓangaren da rana take. Collins kuma kan wani lokaci ƙayyadadde yake magana, lokacin da suka zuba ido ga gefen rana suna ɗaukar hoto. Ba wanda ya ce babu taurari a sararin samaniya. Hasali ma Armstrong ɗin nan, a ranar 19 ga Yuli, kwana ɗaya kafin saukarsu, lokacin da kumbonsu ya shiga inuwar wata, ya kira cibiyar kula da tafiyar da ke Houston ya ce musu abubuwa sun canza: yanzu suna ganin taurari har suna gane jerinsu a karon farko tun da suka taso, sama ta cika da su kamar daren duniya. Ya ce duk tsawon hanya jefi-jefi kawai suke ganin tauraro, ba sa iya gane tsarinsu. Wannan magana na cikin rikodin tattaunawar tafiyar da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta saki. Mutum ɗaya ne, ido ɗaya ne, kumbo ɗaya ne. Abin da ya bambanta maganarsa ta farko da ta biyu shi ne inuwa.

Me ya sa a hanya ba su gani sosai ba, alhali babu ƙasar wata kusa da su? Domin tsakanin duniya da wata babu dare. Kwana uku suna cikin rana ba yankewa, kumbon na juyawa a hankali don kada gefe ɗaya ya ƙone ɗaya ya daskare, hasken na shigowa ta wannan taga ya fita ya shigo ta waccan, ga ƙaramin kumbon sauka manne a gabansu yana sheƙi. Ido bai taɓa samun rabin sa'ar da yake buƙata ba.

Collins ɗin da ake kafa hujja da shi, shi ne ya zauna shi kaɗai a babban kumbon yana kewaya wata yayin da abokansa biyu ke ƙasa. Ya rubuta daga baya cewa idan ya shiga bayan wata, inda ba rana ba duniya, abin da yake gani ta taga taurari ne kawai, kuma ba ya gane inda watan yake sai ta wurin da taurarin suka yanke, wani baƙin fili da babu komai. Alfred Worden, wanda ya yi irin wannan zaman kaɗaici a Apollo 15 cikin 1971, ya sha ba da labarin cewa a wannan inuwar taurari sun yi yawan da suka zama kamar farin mayafi, har ya kasa tsinto waɗanda ya haddace don aikin tuƙi. A ganina waɗannan mutane da suka zaga bayan wata su ne suka ga saman da ta fi kowace duhu da idon ɗan'adam ya taɓa gani, domin wata ya tare musu rana da duniya gaba ɗaya.

Maganar aikin tuƙi ba ƙaramar magana ba ce, don ita ce ke nuna cewa ganin taurari a can ba abin nishaɗi ba ne. Kumbon Apollo na ɗauke da na'urar auna kusurwa, jikar wadda matuƙan jiragen ruwa ke amfani da ita a teku, kuma an loda wa kwamfutarsa wuraren taurari 37. Lokaci-lokaci matuƙi zai leƙa, ya saita tauraro biyu, ya danna, kwamfuta ta gyara lissafin inda kumbon ya fuskanta. Na'urar na aiki ko da rana, saboda bututu ne siriri da ke tare hasken gefe, ya kuma tara na tauraron. Abin da Armstrong ke nufi ke nan da leƙawa ta na'urar hange. Ƙaramin kumbon sauka ma yana da tasa, da ita suke duba taurari daga kan watan kafin su tashi. Da taurari ba sa ganuwa a wajen iska, da an gina tuƙin tafiyar a kan abin da babu.

An ga muhimmancin hakan a Afrilun 1970, lokacin da tankin iskar shaƙa ya fashe a Apollo 13. Ɓaraguzai da ƙanƙarar da suka fito suka bi kumbon suna ƙyalli a rana, dubbai, kowanne kamar tauraro. Jim Lovell da abokansa suka rasa gane na gaske daga na bogi. Dole masana a Houston suka sa su duba saitinsu da tauraro ɗaya da ba a ruɗewa a kansa, wato rana.

Irin wannan ƙyallin ya taɓa ruɗa John Glenn tun farkon lamarin. Ranar 20 ga Fabrairun 1962 ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, zagaye uku cikin ƙasa da sa'a biyar. Mutane da yawa ba su san cewa ɗaya daga cikin tashoshin da NASA ta kafa a faɗin duniya don bin sawun kumbonsa tana Kano ba. Da ya ratsa ta saman Afirka ta Yamma ya yi magana da ita, ya ce yana hango guguwar ƙura a ƙasa. A lokacin rana ce a gare shi. Bayan 'yan mintoci ta faɗi yana saman Tekun Indiya, kuma kafin ya kai gaɓar Ostareliya ya shaida wa Gordon Cooper, wanda ke tashar can, cewa yana ganin Kaza da 'Ya'yanta sarai. Da gari ya waye masa kuma sai ya ga dubban ƙananan abubuwa masu walƙiya sun kewaye kumbon, ya kwatanta su da ƙwarin nan masu haske da dare. Bayan wata uku wani ɗan sama jannatin, Scott Carpenter, ya buga bangon nasa kumbon, sai ga irinsu sun tashi. Ƙanƙara ce da ta taru a jikin kumbon.

A yau wurin da aka fi samun shaidu shi ne tashar ƙasa da ƙasa, wadda mutane ke zaune a cikinta ba yankewa tun Nuwamban 2000. Tana tafiya a tsayin kusan kilomita 400, da gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a, tana zagaye duniya cikin minti 90 da ɗoriya. Wato a yini guda rana na fito musu kusan sau 16, ta faɗi sau 16. Daren kowane zagaye bai wuce minti 35 ko makamancin haka ba. A ajiye wannan kusa da minti 20 zuwa 30 da ido ke buƙata, za a ga yadda lokacin ya matse: ido na gama sabawa da duhu, gari na shirin wayewa. Ga fitilun cikin tashar a kunne, ga allunan kwamfuta, duk suna dawowa a jikin gilashi. Ɗakin kallo mai tagogi bakwai da aka ƙera a Italiya aka maƙala a Fabrairun 2010 kuma duniya yake fuskanta, ba sama ba, domin an yi shi ne don lura da kumbunan da ke zuwa da hannun ƙarfen tashar. Saboda haka wanda ke son taurari sai ya yi niyya. Ya jira zagayen dare, ya kashe fitilu, ya rufa zane a bayansa, ya haƙura. Wanda ya yi haka yana ganin taurari, da farin zirin nan da ke ratsa sama a daren da babu wata, da sauran duniyoyi. Wanda ya leƙa taga yana wucewa zuwa aiki zai ga baƙi ne kawai, kuma idan aka tambaye shi ya ce bai gani ba, gaskiya ya faɗa. Akwai ma lokuta a shekara, wajen Yuni da Disamba, da hanyar tashar ke karkata ta yadda za a yi kwanaki rana ba ta faɗi musu ba sam.

Masu yawon buɗe ido da ke hawa su sauko cikin minti 10 ko 11 ba su da ma wannan damar. Ɗan wasan Amurka William Shatner, da ya hau kumbon kamfanin Blue Origin a Oktoban 2021 yana da shekara 90, ya sauko yana cewa baƙi kawai ya gani, mai kama da mutuwa. Da safe aka harba shi, ya yi 'yan mintoci a sama, ƙasa na haske a gabansa. Me zai gani?

Sai batun hoto, wanda ya fi na ido sauƙi. Kyamara ma ba ta iya haɗa haske mai tsanani da mai rauni a ɗauka ɗaya, ta ma fi ido kasawa. Mutanen Apollo sun yi amfani da kyamarorin Hasselblad da fim, an saita su don hasken rana: ƙofar haske a tsuke, tana buɗewa na kusan kashi 1 cikin 250 na daƙiƙa. Don taurari su fito ana buƙatar ƙofa a buɗe da daƙiƙoƙi da dama, kyamarar kuma a kafe ba motsi. Daƙiƙa 10 ta ninka wancan lokacin sau 2,500. Da sun yi haka, da ɗan sama jannatin da tutar da ƙasar duk sun narke sun zama farin fili. An tura su ɗauko duwatsu da ƙasa ne, don haka suka saita wa duwatsu da ƙasa. Duk mai waya na iya gwadawa yau da dare: ɗauki hoton mutum a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, sama a bayansa, ka ƙirga taurarin da suka fito. Abu ɗaya da ya samu ya kutsa cikin hotunan rana na Apollo shi ne Zara matar wata, wadda bayan shekaru aka gano ɗigonta a wasu hotunan Apollo 14. Ita kuwa ko a doron ƙasa mai kaifin ido kan tsinto ta da rana idan ya san inda zai duba.

Ni a wurina rashin taurarin a hotunan nan hujja ce ga masu cewa an je, ba ga masu musu ba. Hotunan da motocin Tarayyar Sobiyet marasa matuƙi suka aiko daga wata a shekarun 1970 baƙin sama ne babu tauraro. Na kumbunan Sin, har da Chang'e 4 da ya sauka a bayan wata a Janairun 2019, haka suke. Babu cikin ƙasashen biyu mai dalilin rufa wa Amurka asiri. Tambayar masu shakka tambaya ce mai kyau, ta mai lura ce. Inda suka yi sake shi ne tsayawa a kanta.

An kuma ɗauki hoton taurari daga kan wata, da gangan, da na'urar da aka yi don haka. George Carruthers, baƙar fatar Amurka masanin kimiyya a cibiyar binciken sojan ruwan ƙasar, ya ƙera wata kyamarar hange mai ruwan zinariya da ke kama wani nau'in haske da ido ba ya gani, wanda iskar duniya ke tarewa. A Afrilun 1972 John Young na Apollo 16 ya kafa ta, kuma a lura da inda ya kafa ta: cikin inuwar kumbon sauka. Ta ɗauko hotuna 178, ciki har da taurari da gungunsu da wani lulluɓin iska mai sirara da ke kewaye da duniya daga nesa. An dawo da fim ɗin, kyamarar na can har yau. A tashar ƙasa da ƙasa kuwa sunan da ya fi fice shi ne Don Pettit, wanda tun zamansa na farko a 2002 zuwa 2003 ya harhaɗa wata na'ura da tarkacen da ya tsinta a tashar, tana juya kyamara a hankali don ta soke gudun tashar fitilun biranen duniya su fito sarai a hoton dare. A 2012 ya riƙa ɗaukar hotuna na daƙiƙa 30-30 yana ɗora su kan juna, taurari suka fito kamar zare, fitilun birane na gudana a ƙasa.

Saura masu cewa taurarin can sun fi na nan haske ninki-ba-ninki. Su ma sun zarce. Iska mai tsabta, idan tauraro na tsakiyar sama, abin da take cinyewa na haskensa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ba. Tagogin kumbo kuma gilashi ne rufi-rufi, na ɗakin kallon tashar har hawa huɗu, su ma suna cin nasu rabon. Kusanci kuwa ba ya cikin lissafi: tauraro mafi kusa da mu bayan rana yana nisan kusan kilomita tiriliyan 40, don haka hawa kilomita 400, ko ma 384,000 zuwa wata, bai rage komai ba. Jerin taurarin na nan da siffarsu yadda muka san su. Taurarin da ido mai lafiya ke iya gani a duk faɗin sama kusan 9,000 ne, kuma daga wuri ɗaya a ƙasa rabinsu ne ke sama da kai. Makiyayin da ke kwana a dajin da babu lantarki, a daren da ruwa ya wanke sama, bai yi nisa da abin da mai leƙen tagar tashar ke gani ba. Abin da na sama ya fi shi da shi kaɗan ne amma na gaske: babu gajimare, babu ƙurar hunturu, babu hasken gari da ke dusashe sama, taurarin da ke gefe-gefe ba sa raunana. Sannan ba sa ƙiftawa. Ƙiftawar tauraro aikin iska ne, tana motsi tana karkatar da hasken nan da can. A can sama kowane tauraro ɗigo ne tsayayye.

Wani abin da suke gani wanda mu ba mu gani, ko da yake ba tauraro ba ne: tun Apollo 11 Buzz Aldrin, abokin tafiyar Armstrong da Collins, ya ba da rahoton wasu 'yan tartsatsin haske da ke gilma masa a duhu, ko da ya rufe ido. Bincike ya nuna ƙananan ƙwayoyi ne masu tsananin gudu daga nesa, da ke ratsa bangon kumbo su ratsa ido. Mazauna tashar na ganinsu har yanzu idan sun kwanta barci.

Abin da ba a gwada ba tukuna shi ne mutum ya tsaya a kan wata da dare, lokacin da sanyi ke wuce digiri 130 ƙasa da sifili, ya ɗaga kai. Ko a nan ma amsar ta dogara da gefen da ya tsaya. A fuskar watan da ke kallonmu, duniya na rataye a sama ba ta faɗuwa, faɗinta ya kusa ninka na watan da muke gani sau huɗu, kuma a tsakiyar daren wurin take cika, da hasken da ya fi na cikakken farin wata fiye da sau 40. Wanda ya tsaya nan zai ga taurari masu ƙarfi, amma raunana za su ɓace masa sai ya juya wa duniyar baya ya kare idonsa daga hasken ƙasa. Wanda ke son cikakken duhu sai ya sauka a bayan watan, inda duniya ba ta leƙowa, ya jira rana ta faɗi. A can zai samu kusan mako biyu kafin ta sake fitowa.